Tsuntsayen Fadama A Lokacin Bazara

Ƙasar Tambuwal da Kebbe tana kudancin Jihar Sakkwato, ƙasa ce mai fadamu da tafkuna. Gulbin Zamfara ya ratsa ta wajen Kebbe a kan hanyarsa ta zuwa Jega, ga kuma Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal. Idan bazara ta kama, watau daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya kan janye, sai ɗan abin da ya rage a tafkuna da gurbin gulbi. To, nan ne tsuntsaye su kan taru, har mutum ya ga iri dabam dabam a wuri guda kafin hantsi. An rubuta wannan takarda domin malamai da 'yan makaranta da manoma su san waɗannan tsuntsaye, su kuma san hasarar da za a yi idan sun ƙare.

Masu Zama Da Masu Tafiya

Tsuntsayen fadama kashi uku ne. Kashi na farko 'yan gida ne, ana ganinsu rani da damina, kamar su balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya. Kashi na biyu baƙi ne daga ƙasashen Turai. Su kan zo da kaka don gudun sanyin ƙasarsu, su koma cikin Maris da Afrilu, bayan sun ci sun yi ƙiba, gama sai sun ƙetare Sahara da Bahar Rum kafin su isa inda za su yi sheƙa. A cikinsu akwai wata irin tsattsewa, da ƙananan agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka. Kashi na uku ita ce shamuwa. Ita daga kudancin Afirka ta ke tasowa, ta iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Shi ya sa manomi da ya gan ta sai ya shiga gyaran gona.

A dā Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da hunturu ba. A shekarar 1822 aka harbe wata babbar tsuntsuwa, 'yar'uwar shamuwa, a ƙasar Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Danmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, har yau kuwa masana suna yin haka. Saboda haka wanda ya ga tsuntsu da zobe kada ya ɗauka asiri ne ko leƙen asiri. Idan ya tsince shi matacce, sai ya rubuta lambar da rana da sunan wurin, ya kai wa ma'aikatan gandun daji.

Amfaninsu Da Abin Da Ke Cutarsu

Shamuwa abincinta fara da tsutsa, balbela kuma tana bin shanu tana tsince ƙwarin da su ka tayar. Duk wanda ya kashe su ya rage wa gona masu gadi. Gaskiya ne jan-baki yana ɓarnar gero da dawa da shinkafa, amma laifinsa bai shafi sauran ba. Zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, da sare manyan itatuwan bakin fadama, da kwasar ƙwai, su ne ke korar tsuntsaye. Gauraka, wanda a ke ɗauka tsuntsun ƙasar Nijeriya, yanzu da ƙyar a ke ganinsa a Arewa. Ungulun da a ka saba gani a mahauta, tun 2015 a ka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar kiyaye fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, fadamar Nguru ce kuwa ta farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta. A Jos kuma akwai cibiyar A. P. Leventis ta binciken tsuntsaye, inda a ke koyar da 'yan ƙasa wannan ilmi.

Ka'idodin Mai Kallo Da Ɗaukar Hoto

1. Ya fara neman izinin mai unguwa da mai gona, ya tambayi lafiyar hanya, kada kuma ya tafi shi kaɗai.

2. Ya fita bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, gama lokacin ne tsuntsaye ke kiwo. Ya riƙe ruwan sha.

3. Ya sa tufafi masu duhu. Farar riga daga nesa tsuntsu ke hango ta.

4. Ya zauna a gindin itace ya yi shiru, ya bar su su matso da kansu. Rana ta kasance a bayansa, don hoton ya fito sarai, ko da kyamara ce ko da wayar hannu.

5. Kada ya taɓa sheƙa, kada ya yi jifa don ya sami hoton tashi. Uwar da a ka kora daga kan ƙwai, zafin bazara ya kan lalata su kafin ta komo.

6. Ya rubuta suna da launi da adadi da rana a littafi. Wanda bai san sunansa ba ya tambayi masunta da makiyaya, don sun fi kowa sanin tsuntsayen ruwa.

Makarantar da ta riƙe irin wannan littafi shekara bayan shekara za ta san ranar zuwan shamuwa a garinta, ta kuma gane da wuri idan wani iri ya fara raguwa, tun ana iya gyara. Malami ya fara da tafkin da ya fi kusa da makarantarsa, cikin bazarar nan, kafin baƙin su tashi.