Darasi na Goma Sha Huɗu: Kiwon Kifin Ado a Cikin Gida

Hausawa na cewa kifi a ruwa sarki ne, amma sarautarsa ba ta tabbata sai ruwan ya dace da shi. Mutane da dama sukan sayi akwatin gilashi da kifaye a rana ɗaya, su cika shi da ruwan famfo, kafin mako biyu kifayen sun mutu ɗaya bayan ɗaya, alhali ruwan garau yake. Abin da ya kashe su ido ba ya ganinsa.

Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, haka kuma ragowar abinci idan ya ruɓe. Amoniya guba ce. A kogi yawan ruwa ke tafiya da ita, amma a akwati mai lita 60 ba ta da mafita. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin halitta ne, wato bakteriya, waɗanda ke zama a soson matatar ruwa da kan tsakuwa. Rukuni na farko yana mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da naitirait naitiret, wanda illarsa kaɗan ce. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma yaɗuwarsu takan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Saboda haka a fara da akwati babu kifi. A zuba ruwa, a sa maganin da ke kashe kulorin, domin kulorin yana hallaka bakteriya. A garuruwa da yawa na Amurka kuloramin ake sa wa ruwan famfo, shi kuwa ba ya gushewa don an bar ruwa ya kwana. Sai a kunna matata dare da rana, a daidaita zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyos, a riƙa ɗiga amoniya ko a jefa ɗan abincin kifi. A riƙa auna ruwan da kayan gwaji. Idan amoniya da naitirait suka koma sifiri cikin awa 24 bayan an ɗiga amoniya, naitiret kuma ya bayyana, akwati ya nuna.

Ko a lokacin, sannu ba ta hana zuwa. A fara da ƙananan kifaye kamar gofi, ko tetara guda shida, domin shi a garke yake rayuwa. Kifin zinariya bai dace da ƙaramin akwati ba, saboda yana girma ƙwarai, kashinsa kuma yana da yawa. Kafin a saki sabon kifi, a ɗora ledarsa a kan ruwa na minti 15 don zafin ya daidaita. A jira mako biyu kafin a ƙaro wasu.

Daga nan sai kulawa: abinci gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, da canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Soson matata kuwa a ɗauraye shi cikin ruwan da aka kwaso daga akwatin, kada a kai shi famfo, don kada aikin wata guda ya salwanta.

Ma'anar Kalmomi

garau: mai tsabta, wanda ake hangen ƙasansa
matata: na'urar tace ruwa
nuna: kai wa matsayin da ake so
salwanta: lalacewa a banza

Tambayoyi

1. Me ya sa kifi ke mutuwa a ruwan da yake garau?
2. Yaya ake gane akwati ya nuna?
3. Don me aka hana wanke soso da ruwan famfo?
4. Yi amfani da karin maganar "sannu ba ta hana zuwa" cikin jimloli uku naka.