Yadda Ake Zaɓen Magajin Jirgin Shugaban Ƙasa

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya tashi daga ƙasar Holan zuwa Riyad a jirgin haya, saboda nasa ya sami tangarɗa. Ba a yi wata ba, Mataimakinsa Kashim Shettima ya fasa tafiya Amurka kan dalili irin wannan. Babban jirgin fadar, Boeing 737 ƙirar BBJ, tun 2005 aka sayo shi, zamanin Obasanjo. Daga nan maganar sauyi ta taso, kuma kafin damina ta wuce Najeriya ta mallaki Airbus A330. Sauyin jirgi irin wannan yana da matakai sanannu, ko da ba kowace gwamnati ke taka su duka ba.

Abu na farko shi ne a tabbatar tsohon ya gaji da gaske. Shekara 19 ba tsufa ba ce ga jirgi, musamman wanda ba kullum yake tashi ba. Jirage biyun da ke ɗaukar shugaban Amurka tun 1990 suke aiki. Injiniyoyi sa'o'in da jirgi ya yi a sama suke ƙirgawa, da yawan tashi da sauka, da kwanakin da ya kwashe a wurin gyara, da abin da gyaran ya ci. Idan kuɗin jinya na hawa kowace shekara, jirgin kuma ba ya samuwa ranar da ake buƙatarsa, hujja ta kafu. Kwamitin Majalisar Wakilai kan tsaro da bayanan sirri, ƙarƙashin Ahmed Satomi, ya yi wannan bincike, a watan Yuni ya ba da shawarar a sayo jirage biyu. Tsoro ma ya taimaka: a 19 ga Mayu shugaban Iran Ibrahim Raisi ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, a 10 ga Yuni mataimakin shugaban Malawi Saulos Chilima ya bi shi a haɗarin jirgin sama. Sai dai tsoro mugun mai ba da shawara ne a wurin ciniki.

Bayan haka sai a rubuta buƙata kafin a kalli kowane jirgi, don kada dillali ya rubuta maka ita. Ina da ina shugaban ke zuwa? Mutum nawa ke binsa? Daga Abuja zuwa Bejin kusan kilomita 11,000 ne, wato daidai bakin abin da BBJ ke iya yi da cikakken tanki, don haka sai an ya da zango a sha mai. A330 na wuce hakan da tazara. Kowane zango kuwa neman izini ne a ƙasar wasu, da sabon shirin tsaro, da ɓata sa'o'i.

Amma girman da ya ba shi dogon numfashi shi ne ke takura shi a gida. Fukafukan A330 daga baki zuwa baki mita 60 ne, na BBJ kimanin 36. Yana son dogon titi mai ɗaukar nauyi, da filin juyawa, da motocin kashe gobara daidai girmansa. Ga kuma zafi: a bazarar Kabi, lokacin da ma'auni ke haura 40, iska kan yi sirara, jirgi ya buƙaci ƙarin gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Mutumin Masama ko Gwandu ko Kalgo da ya taɓa raka alhaji filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya ga manyan jirage na wannan aji, domin irinsu ne ke kwasar maniyyata fiye da ɗari uku a sawu guda, kuma daga filin ne jirgin alhazan Najeriya na farko na hajjin 2024 ya tashi a watan Mayu. Wato Birnin Kebbi za ta iya karɓarsa. Filaye da dama a ƙasar nan ba za su iya ba, shi ya sa sayen babba ba ya raba fadar da ƙanana irin su Gulfstream da Falcon.

Sai tambayar sabo ko na hannu. Sabo a kan jira layi, ya fito daga masana'anta cikinsa fayau, sannan a kai shi wani kamfani a gina masa ɗakin kwana da ofis da zauren taro, aikin da kan ci shekara ko fiye. Amurka ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 3.9 da Boeing a 2018 kan jirage biyu, wa'adin miƙa su ya zo ya wuce. Nijar ta bi ɗaya hanyar: a 2014, zamanin Mahamadou Issoufou, ta sayi Boeing 737 na hannu kan kusan sefa biliyan 20, aka raɗa masa Mont Gréboun, ya gaji wanda ke aiki tun zamanin Seyni Kountché. Najeriya ma na hannu ta ɗauko, ƙirar 2009, wanda a baya wani kamfanin attajirai a Saudiyya ke amfani da shi, cikinsa a shirye. Wato an sauke ɗan shekara 19 an ɗauki ɗan shekara 15, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗaga gira.

A nan ne aikin gaske yake. Mai sayen san huɗa ba ya tsayawa kan sheƙin fata, baki yake buɗewa ya duba haƙora; haƙoran jirgi kuwa takardunsa ne. Kowane muhimmin ƙarfe a injin yana da lamba da adadin tashin da aka yarje masa, kuma dole a bi tarihinsa a rubuce har ranar da aka ƙera shi. Shafi ɗaya ya ɓata, darajar ƙarfen ta faɗi, ko da lafiyarsa lau. Daga nan a shigar da jirgin rumfa, masu binciken da mai saye ya ɗauka da kansa su ɗaga daɓen ƙasa, su haska fitila ƙarƙashin banɗaki da kicin, inda ruwa ke taruwa tsatsa ta kama. A zura siririyar kyamara mai kama da igiya cikin injin, ana juya farfela sannu a hankali, injiniya na kallon allo yana neman tsaga ko ƙuna a kowane reshe. Jirgin da ya daɗe a ajiye ya fi buƙatar wannan ido, domin zama na lalata jirgi kamar yadda aiki ke yi. Sannan a tashe shi a gwada.

Lauyoyi kuma na nasu binciken: ko akwai bashin banki a kansa, kuma a wace ƙasa zai zauna kafin a kawo shi. Wannan na biyun ya ciji Najeriya. A watan Agustan 2024 wata kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar guda uku, har da sabon, bisa ƙarar kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin, wanda ke bin diyyar sama da dala miliyan 70 kan rikicinsa da Jihar Ogun. Sai da kamfanin ya saki A330 ɗin sannan Tinubu ya hau shi zuwa Faransa a 19 ga watan.

Matakin kuɗi shi ne wanda, a ganina, aka tsallake. Farashin saye somin-taɓi ne. Akwai mai, da inshora, da babban gyaran da ke zuwa bayan 'yan shekaru, duk da dala. Ƙa'ida ita ce a tara lissafin shekara goma, a jera shi da na gyara tsohon da na haya, a kai gaban majalisa a fili. Fadar ta ce an same shi ƙasa da farashin kasuwa, amma ba ta faɗi adadi ba. Jaridu ne suka ce ya haura dala miliyan 100. Jirgin ya iso kwanaki kaɗan bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta. Ko da cinikin ya yi kyau, wanda aka ɓoye wa lissafi yana da haƙƙin yin zargi, tunda aljihunsa ne ya biya.

Abin da ya rage na masu kaki ne. Rundunar sojan sama ce ke tuƙa jiragen fadar, kuma matuƙin Boeing ba ya zama a kujerar Airbus sai ya koma makaranta, domin ɗaya sitiyari gare shi a gaba, ɗayan ƙaramar sanda a gefe. Injiniyoyi ma haka. A sa na'urorin sadarwa na sirri, a yi fenti, a ba shi lambar Najeriya, 5N-FGA. Tsohon kuwa a yanke masa hukunci da wuri, a sayar ko a riƙe shi na ko-ta-kwana, don ko yana tsaye yana cin kuɗin kulawa. BBJ ɗin Obasanjo an sa shi kasuwa a Suwizalan a 2025.