Ƙashin Yaro Tun Daga Tukunya Ake Gina Shi: Shawarwari Ga Gidajen Garhanga

Jariri yana zuwa duniya da ƙasusuwa kusan 300, da yawansu guringuntsi ne mai laushi. Da girma suke tauri, wasu su haɗe, har su tsaya a 206.

1. Uwa, ki riƙa taɓa maɗigar jaririnki. Wurin nan mai bugawa a tsakar ka ƙashi ne bai gama haɗewa ba, kuma yakan rufe kafin shekara 2. In ya loɓa yaro na zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Kada a shafa masa komai. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

2. Wata 6 na farko, nonon uwa kaɗai.

3. Bayan yaye ne aka fi yin sake. Gero na cika ciki, amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, shi kuwa ƙashi da kalsiyam ake gina shi. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Jos ya nuna ƙarancin kalsiyam ne ke lanƙwasa musu ƙafafu, duk da ranar da suke sha. Furar da aka tsinka da ruwa zalla tana ba ni tausayi. A zuba nono, ko na akuya ne. A yawaita miyar kuka, zogale da riɗi, a daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a cikin miya. Maigidan da ke ci-rani, in ka aiko kuɗi, ka ware na nonon yara.

4. Matan da ba su cika fita ba, su riƙa shan hantsi a tsakar gida tare da jariransu. Daga rana fata ke samar da bitamin D.

5. Yarinya takan gama tsawo alhali ƙugunta bai gama buɗewa ba. Ciki kafin lokaci na jawo doguwar naƙuda. A kuma rage mata nauyin jarka da itace.

6. A Tibiri ta Maradi, ruwan famfo mai yawan fuloraid ya nakasa ƙashin ɗaruruwan yara. In haƙoran yaran unguwa sun fara yin ja, a nemi a gwada ruwan.

7. Yaro ya karye, a fara da asibitin Keita ko na Galmi. In an riga an ɗora, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, a sassauta ɗaurin nan take a kama hanya.