Amsar Tambaya: Ina Son Koyar da Turanci a Ƙasar Waje

Tambaya: Malam, na gama digiri a fannin Turanci, ina son koyarwa a ƙasar waje. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, fasfo ake fara dubawa kafin digiri. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta koyar da Turanci (E-2) akasari 'yan ƙasashe 7 take bai wa: Amurka, Birtaniya, Ayaland, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wannan ba adalci ba ne a ganina, amma kada ka zubar da kuɗinka a can. Tailan da Biyetnam sun fi sassauci, muddin kana da digiri da sakamakon jarrabawar IELTS mai kyau.

In da hali, ka yi kwas ɗin CELTA na Cambridge. Sa'o'i 120 ne, cikin mako huɗu, kuma sai ka tsaya gaban ɗalibai na gaske har sa'o'i 6, mai horarwa na zaune a baya yana rubuta kura-kuranka. Shugabannin makarantu sun san darajarsa.

Dillalin da ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido, "a gyara daga baya", gidan yari ko kora yake nema maka. Don Allah kada ka sayi tikiti sai kwantiragi da bizar aiki sun shigo hannunka.