Girman Ƙwai a Tsuntsayen Bakin Ruwa

Da yawa daga cikin tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke caccakar taɓo a dausayin Haɗeja da Nguru lokacin hunturu baƙi ne. Da bazara sukan koma arewacin Turai da Saiberiya, su yi sheƙa a ƙasa. A galibinsu ƙwai huɗu mace take sakawa. Kowane ƙwai yana da tsini a gefe guda. Idan tsinayen suka haɗu a tsakiya, sai ƙirjin uwa ya rufe su duka lokacin kwanci.

To, tunda adadin a ƙayyade yake, fifikon wata uwa a kan wata sai ya koma ga girman ƙwan. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a yawancin waɗannan tsuntsaye ba a ciyar da ɗa a baki. Sa'o'i kaɗan bayan ƙyanƙyashewa yake barin sheƙa ya shiga kiwo, ba shi da guzuri sai ragowar gwaiduwa a cikinsa. A 1988 Hector Galbraith ya nuna, a kan wani ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa mai suna Vanellus vanellus a arewacin Birtaniya, cewa babban ƙwai yakan ba da ɗa mai nauyi, wanda ya fi tsira a kwanakin farko.

Ƙwayayen sheƙa ɗaya kusan kansu ɗaya. Tsakanin uwa da uwa ne tazarar take. Uwar kuwa tana jin jiki: a ƙananan jinsuna, nauyin ƙwai huɗun yakan kusanci nata.