Kafin a kafa allon hana ajiye mota a layinku

Idan hukuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kan wuraren ajiye motoci, kada ku je da kuka kawai. Kowa ya san bakin Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano na cushewa; abin da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ke buƙata shi ne bayani dalla-dalla. Wane layi ne? Ƙarfe nawa tirela ke sauke kaya ta tare hanya? Ina 'yan adaidaita sahu ke cin birki su kwashi fasinja? Ku ɗauki hotuna da waya, na safe da na yamma, ku rubuta takarda guda, mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa su sa hannu.

Ku zo da mafita kuma: a mayar da sauke kaya bayan sallar isha, ko a ware fili kusa. Hana mutum tsayawa ba tare da an nuna masa inda zai tsaya ba, ai neman rigima ne.

In an kawo zancen biyan kuɗin ajiye mota, ku tambayi dokar da ta ba da izini, da asusun da kuɗin zai shiga, ku dage kan rasit. A 2014 kotu ta dakatar da irin wannan tsari a Abuja saboda ba shi da madogara a doka.