Baƙon dare a Mabera: ka ga ɗaki kafin ka biya

Aikina kula da wani ƙaramin masauki ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kuma yawancin baƙinmu bayan isha'i suke isowa. Akwai masu jinya da suka kawo ɗan'uwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai 'yan kasuwar da za su wuce Illela da asuba, akwai masu ziyarar Hubbaren Shehu. Motar Gusau ko ta Birnin Kebbi ta sauke mutum a gajiye, ya ce wa ɗan kabu-kabu "kai ni inda ke da sauƙi", ya biya kuɗi, ya karɓi makulli, bai tambayi komai ba. Neman araha ba laifi ba ne. Rashin dubawar ne ke damuna.

Ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗi ka ce a nuna maka ɗakin. Ka gwada sakata ta ciki, ka buɗe famfo, sannan ka tambayi inda janareta yake. Wannan tambayar ta fi sauran nauyi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, idan aka ɗauke wuta dole a tayar da inji don fanka. Idan injin yana cikin soro ko jikin tagarka, ka nemi wani ɗakin ko ka bar gidan. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta da launi. Da ciwon kai take farawa, sai jiri da tashin zuciya, matafiyi kuwa sai ya ɗauka gajiyar hanya ce, ya rufe taga saboda ƙara, ya kwanta. A cikin barci take kashe mutum. Duk wanda ya ji waɗannan alamu ya fita iska nan take, ya tashi na kusa da shi. Haka kaskon gawayi yake a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Da damina ruwa na kwanciya a wasu layukan Mabera, don haka gidan sauro ba ado ba ne.

Sai maganar rajista, wadda baƙi da yawa ke ɓata rai a kanta. Mukan nemi katin shaida da lambar wani ɗan'uwa, wani ya ce, "Kwana ɗaya ne fa, Malam." Na sani. Amma idan ciwo ya tashi da ƙarfe biyun dare, wannan lambar ce kaɗai muke da ita. Kuma gidan da bai tambaye ka ko kai wane ne ba, bai tambayi na ɗakin da ke kusa da kai ba.

Hajiya, idan ke kaɗai ce, ki nemi ɗaki kusa da mai karɓar baƙi. Kowa kuma ya kira gida ya faɗi sunan masaukin da layin da yake tun wayarsa na da caji.